Talaka, Sayi Takalmi, Bar Wa Manya Agogo

Ran kasuwar da ta wuce ina zaune a ofishin jam'iyya, ina shigar da sunayen waɗanda suka biya kuɗin kati cikin littafi, sai ga wani dattijo mai awon hatsi daga Tafoki ya shigo yana ɗingishi. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, lafiya? Ko jaki ne ya taka ka?" Ya ce, "Ina fa jaki, Akawu. Ai likita ne ya taka ni."

Ashe asibiti ya je kan ciwon kai da jiri, aka auna shi aka ce jininsa ya hau. Aka ba shi magani, aka ce ya rage gishiri, ya riƙa motsa jiki, in da hali har ya ɗan yi sassarfa da safe. Da ya shiga birni sarin kaya, sai wani yaron kanti ya gaya masa wai yanzu ba a gudu sai da agogo mai ƙidaya taku, mai auna bugun zuciya. Ya sayar da masara buhu biyu ya sayi agogo. 'Yan canjin da suka rage ya ba wani yaron mota ya sayo masa kambas, ya gaya masa lamba da baki. Kwana huɗu ya yi yana sassarfa. Ran na biyar dunduniya ta yi bororo, farcen babban yatsa ya yi baƙi, agogo kuwa ya mutu don an yi kwana uku ba wuta. Ya kwance shi ya aje mini bisa tebur, ya ce, "Ga shi nan, ko lokacin salla ba ya nunawa."

Na yi dariya a lokacin, amma da ya fita sai abin ya tsaya mini a rai, domin ba shi kaɗai ba ne. Na ga samari, na ga malaman makaranta, na ga 'yan tireda, kowa da ƙaton agogo a hannu, in ka dubi ƙasa kuwa takalmin ko ɓarawo ba ya ɗauka. Don haka na roƙi Edita ya ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana talakawa da 'yan kasuwa. Maganata gajeriya ce. Mai son gudu don lafiyar jikinsa, in kuɗinsa na abu guda ne, ya sayi takalmin da ya yi daidai da ƙafarsa, ya bar agogo tukuna.

Na sani akwai mai cewa, "Haba Akawu, mutanen Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara za ka koya wa gudu? Wane irin gudu ne ba mu yi ba?" Gaskiyarsa. Ba wanda ya manta daren 11 ga Disamba 2020, sa'ad da 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara suka kora yara cikin daji a ƙasa. Ran 17 ga watan aka sako 344, da yawansu ko takalmi babu. Ba wanda ya manta 2021, da aka rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka hana cinikin dabbobi a kasuwanninmu, aka yanke layukan waya. Matanmu sun yi gudu da goyo, tsofaffinmu sun kwana cikin gonakin dawa. Wannan gudun ceton rai ne, tilas ce ta sa shi, alhakinsa kuwa yana wuyan waɗanda suka karɓi amanar tsaronmu. Gudun da na ke magana a kansa na ɗa ne mai 'yanci, wanda ya tashi da safe ya ɗaura takalminsa don ganin damarsa, ba mai korarsa. To, don me wannan zai zama na mazauna Abuja da unguwannin manya kaɗai? Jikin talaka ba ya son lafiya ne?

Kada kuma a ce ai aikin ƙarfi ya ishi talaka motsa jiki. Manomi da ɗan dako da mai tura kura, i, sun biya nasu bashin tun kafin azahar. Amma mai kanti fa? Mai awo fa, da tela, da direba, da ni akawu? Mu kan zauna tun hantsi har magariba, babur ya kai mu, babur ya komo da mu, ga shayi mai sukari, ga lemon kwalba. Iyayenmu da su ke zuwa kasuwar Funtuwa a ƙasa ko bisa keke ba su san irin wannan zama ba. Hawan jini da ciwon sukari kuwa ba su tambayar katin jam'iyya. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa baligi ya sami minti 150 zuwa 300 a mako yana motsi matsakaici, kamar tafiya da sauri, ko kuwa minti 75 zuwa 150 na motsi mai ƙarfi, kamar gudu. Watau rabin sa'a a rana, kwana biyar a mako, ta isa a fara da ita. Ku duba da kyau, jama'a, minti aka ƙidaya, ba naira ba.

Bari in ba ku labarin takalmi guda. Ran 10 ga Satumba 1960, saura mako uku Nijeriya ta sami mulkin kai, wani sojan Habasha mai suna Abebe Bikila ya shiga gudun yada-ƙanin-wani na wasannin Olamfik a birnin Rum, tsawon kilomita 42 da mita 195. Takalmin da ya samu bai yi masa daidai ba, yana sa masa bororo, sai ya tuɓe ya yi gudunsa ƙafa ba takalmi. Ya zo na ɗaya cikin sa'a 2 da minti 15 da daƙiƙa 16. Bayan shekara huɗu, a Tokiyo, a 1964, ya sa takalmin da ya yi masa daidai, ya sake cinyewa cikin sa'a 2 da minti 12 da daƙiƙa 11. Wasu su kan ɗauki rabin labarin su ce ashe takalmi aikin banza ne. A'a. Abin da labarin ya nuna shi ne, da takalmin da bai yi daidai ba gara babu, amma wanda ya yi daidai ya fi babu. Mu nan da ƙaya da tsakuwa da fasassun kwalabe, ba na ba kowa shawarar gudu ba takalmi, balle mai ciwon sukari, wanda ƙaramin rauni a ƙafarsa ya kan ƙi warkewa.

Amma fa daidai da ƙafa daban, tsada daban. Ran 12 ga Oktoba 2019 Eliud Kipchoge, mutumin Kenya, ya ƙare wannan dogon gudu a Biyana cikin sa'a 1 da minti 59 da daƙiƙa 40, sanye da takalmin Nike mai kaurin soso da faranti mai tauri a ciki. Maganar irin waɗannan takalma ta yi yawa, har a Janairu 2020 hukumar guje-guje ta duniya ta kafa doka cewa kaurin ƙasan takalmin gasar bisa hanya kada ya wuce milimita 40, faranti kuma kada ya wuce guda. A 2023 Tigst Assefa, mutuniyar Habasha, ta yi sa'a 2 da minti 11 da daƙiƙa 53 a Balin da takalmin Adidas wanda aka sa wa kuɗi dala 500, wanda kuma an yi shi ne don gasa guda. A 2024 dala ta haura naira 1,500, a shekarar kuma aka yanka mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Ku buga lissafi da kanku: takalmin nan ya cinye albashin wata goma na ƙaramin ma'aikaci, har da ƙari. Ga wanda gudu ne sana'arsa, wanda daƙiƙa goma ke raba shi da kyautar miliyoyi, wannan jari ne. Ga ni da kai, masu neman jini ya sauka, asara ce tsagwaronta. Daidai ruwa daidai tsaki.

To, yaya za a zaɓi takalmi? Na farko, zuwa da kai ya fi aike. Lambar wannan masana'anta ba ta zama daidai da ta waccan, ƙafar mutum guda ma ta dama da ta hagu su kan bambanta. Ka je da ƙafarka, ka je da yamma, domin ƙafa ta kan ɗan kumbura bayan yini, haka kuma ta ke kumbura cikin gudu. Ka sa safar da za ka riƙa gudu da ita, ka gwada ƙafa biyu duka, ka ɗaure igiya, ka miƙe tsaye. Tsakanin yatsan da ya fi tsawo da bakin takalmi a sami fili kamar faɗin babban yatsan hannunka. Yatsu su iya motsi, dunduniya kuwa kada ta riƙa zamewa sama da ƙasa in ka taka. Yawancinmu mun tashi da silifa ko ba takalmi, ƙafafunmu masu faɗi ne, saboda haka siririn takalmi mai tsinin baki ba namu ba ne, ko ya kai ina kyau. Ka ɗan yi sassarfa a gaban rumfa. In mai kaya ya ce, "Ai zai buɗe," ka ce masa sai ya buɗe ka komo. Takalmin da ya cije ka a kasuwa zai cije ka a hanya.

Na biyu, ka dubi ƙasar da za ka taka. Mai gudu bisa kwalta yana bukatar soso mai ɗan kauri. Mai bin burji da hanyar gona yana bukatar ƙasan roba mai gurzai-gurzai wanda ba ya santsi, da saman da ƙaya ba ta huda shi da sauƙi. Takalmin ƙwallo mai ƙusoshi na ciyawa ne, bisa ƙasa mai tauri gwiwa ya ke ci.

Na uku, kada ka ji kunyar gwanjo. Gwanjo mai kyau, irin wanda a ke samu a Ƙofar Wambai ta Kano da rumfunan kasuwanninmu, ya fi sabon jabu nesa ba kusa ba. Sai dai ka bincika. Aje shi bisa tebur, in ya karkace gefe guda, mai shi na fari ya riga ya cinye shi. Danna soson da yatsa, in ya shiga ya ƙi dawowa, ko ya yi tamoji ya taurare, ya mutu, ko da samansa yana ƙyalli. Murɗa shi kamar mai matse wanki, in ya murɗu ba gardama, ba shi da sauran ƙarfi. Ya kamata ya lanƙwashe wajen yatsu, ba a tsakiya ba. Masana su kan ce takalmin gudu ya kan yi kilomita 500 zuwa 800 kafin soson ya gaji. Mai yin kilomita 5 sau uku a mako, watau 15, sabon takalmi zai kai shi wata takwas zuwa shekara. Kada ka sa shi zuwa kasuwa da biki da gona, kada ka shanya shi a tsakar rana in ka wanke.

Ku kuma 'yan'uwana masu sayar da takalma, ina da roƙo gare ku. In jabu ne, ku ce jabu ne, ku sayar da shi kuɗin jabu. Mu da mu ke kukan manya sun cuce mu da awon ƙarya, bai kamata mu juyo mu auna wa junanmu da mudun da aka buga wa gindi ba.

Sai agogo. Aikinsa uku ne: ya gaya maka lokaci, ya gaya maka nisa, ya gaya maka bugun zuciya. Lokaci dai ƙaramin agogon roba ya isa. Irin Casio F-91W da aka fara yi tun 1989 yana ƙidaya minti da daƙiƙa, batirinsa ya kan kai wajen shekara bakwai, bai san ana ɗauke wuta ba. Nisa kuwa, agogon zamani yana gane shi ne ta sauraron taurarin ɗan'adam da ke shawagi wajen kilomita 20,000 bisa kanmu, aƙalla guda huɗu a lokaci ɗaya. Hikima ce babba, ba na musu. Amma wayar da ke aljihun yawancin 'yan kasuwa tana yin wannan aiki. Wanda ba shi da ita kuma ya sani zagaye uku na cikakken filin ƙwallo kilomita guda ne da ɗan ɗoriya. Bugun zuciya, ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ƙidaya na daƙiƙa 15, riɓa huɗu. Na baligi mai hutawa ya kan kasance tsakanin 60 da 100 a minti. Cikin gudu ma akwai awo mai sauƙi: in kana iya magana da na kusa da kai, ba ka wuce kima ba, in haki ya hana ka haɗa kalma uku, sassauta.

Har wa yau, ba duk abin da agogo ya faɗa ba ne gaskiya. A 2017 masana a Jami'ar Stanford ta Amurka suka gwada iri bakwai. Suka tarar wajen bugun zuciya yawancinsu sun yi kusa da daidai, amma wajen ƙidayar ƙarfin abincin da jiki ya ƙona, wanda ya fi duka ƙoƙari ya kauce da kashi 27 cikin ɗari, na baya kuwa da kashi 93. A Fabrairu 2024 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi mutane kada su dogara ga agogo ko zobe da a ke cewa yana auna sukarin jini ba tare da an huda fata ba. In wannan ne halin na can, ina ga wanda aka zuba cikin baro a tasha, ba suna ba adireshi? Abin da na ke tsoro shi ne mai hawan jini ya dubi hannunsa, agogo ya ce masa lafiya lau, ya aje magani. Hawan jini a asibiti a ke auna shi, da abin awon da a ke ɗaurawa a damtse. Wanda ya haura arba'in, ko mai wata cuta, ya ga ma'aikacin lafiya kafin ya fara. Wanda ya ji ƙirji ya riƙe, ko jiri, ya tsaya nan take ya nemi asibiti.

Akwai kuma wata magana da yaron kanti ba zai gaya maka ba. Agogon nan da manhajar waya su kan zana hanyar da ka bi, da lokacin da ka fita, da ƙofar da ka komo, in ba ka hana ba su baza wa duniya ta intanet. A Janairu 2018 wani ɗalibi a Ostareliya ya lura taswirar da manhajar Strava ta wallafa tana nuna sansanonin soja a Afganistan da Siriya, domin sojoji suna gudu da irin waɗannan na'urori. In asirin sojan manyan ƙasashe ya tonu ta haka, ina ga ɗan kasuwar da ke fita shi kaɗai kullum bayan asuba, ta hanya guda, sa'an nan ya ɗora hoton hanyar a Facebook don a yaba masa? A ƙasarmu mun sani da ɗan gari a kan ci gari. Agogo mai tsada a hannu ma shela ce cewa akwai abin karɓa a gidan. Ka rufe bakin manhajarka, ka bari gari ya waye sosai, ka tsaya cikin gari, ku fita ku uku ko huɗu, ku riƙa sauya hanya.

Ban ce agogo haramun ne ba. Wanda ya shekara yana gudu, ya ci takalmi ɗaya ko biyu, yana shirin shiga gasa irin ta Legas da aka fara a 2016, yana kuma da rarar kuɗi bayan abinci da makarantar yara, ya saya, Allah ya sa albarka. Ya nemi mai riƙe caji kwanaki da yawa, mai manyan lambobi da a ke gani cikin rana, mai jure gumi da ƙura. Amma mai farawa ya fara da tafiya, sa'an nan minti ɗaya sassarfa minti biyu tafiya, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan mako bayan mako, yana shan ruwa, yana gudun zafin bazara. Sannu ba ta hana zuwa.

Saura abin da ba a saye a kanti, watau wurin gudu. Nan ne maganar ta koma kan masu mulki. Muna neman ƙananan hukumomin Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara su share filayen makarantun firamare, su kewaye su, su bar su a buɗe ga jama'a da safe da yamma, kada a yanka su fuloti a raba wa 'yan gaban goshi. Muna neman a keɓe lokaci ga mata, domin mai tuyar ƙosai da mai sayar da fura su ma suna da zuciya da jijiyoyi. Muna neman kowane ɗakin shan magani ya kasance da abin awon jini mai aiki, a kuma riƙa fito da shi ran kasuwa a auna mutane kyauta.  Mu kuma rassan jam'iyya kada mu jira. Kowace mazaɓa ta tsai da safiya biyu a mako, matasa da dattawa su fito tare. Magabatanmu na NEPU, tun daga 1950, ƙauye-ƙauye suka bi a ƙasa da bisa keke suna wa'azin 'yancin talaka, ba su jira an saya musu kome ba.

Ana ta yi mana shelar zaman lafiya a rediyo. To, ga ma'auninmu, mu 'yan kasuwa mun saba da awo. Ran da dattijo zai fito daga Tafoki da safe, ya yi sassarfarsa har bayan gari ya komo bai waiwaya ko sau ɗaya ba, ran nan za mu yarda mudu ya cika.

Shi kuwa Baba, na ce ya nemi mai sayen agogon ko da faɗuwa ne, ya bari ƙafa ta warke, sa'an nan mu tafi tare da yamma ya gwada takalmi da ƙafarsa. Ya ce, "To, wa zai riƙa gaya mini na yi rabin sa'a?" Na ce, "Baba, kai da ka shekara talatin kana sanin la'asar da inuwar rumfarka?" Ya yi dariya, ya biya kuɗin katinsa, ya fita yana ɗingishi.

Lafiya uwar jiki. Allah ya ba talaka sawaba, amin.